Tsadar Wuta da Gas: Yadda Gwamnati Ta Tallafa wa Makarantun Ingila

Makarantar gwamnati a Ingila ba ta karɓar ko sisi na kuɗin karatu daga iyayen yara. Kuɗinta daga baitulmali suke fitowa, gwargwadon yawan ɗalibanta, kuma albashin malamai da sauran ma'aikata ne ke lashe kusan kashi 80 cikin ɗari. Da ɗan abin da ya rage ake sayen littattafai, a toshe rufin da ke yoyo, a biya kuɗin wuta da na gas. Mai gidan burodi, in gas ya yi tsada, sai ya ƙara wa burodinsa kuɗi. Shugaban makaranta kuwa ba shi da wanda zai ƙara wa, sai dai ya yanko daga wani wuri, kuma duk inda ya sa wuƙa karatun yara zai taɓa.

Gas ɗin ba na dafa abinci ba ne kawai. Da shi ake tafasa ruwa a wata babbar tukunya, ruwan zafin ya bi bututu ya zagaya azuzuwa yana ɗumama su. A tsakiyar hunturu sanyin ƙasar kan kai ruwa ya daskare, kuma gari kan yi duhu tun wajen ƙarfe huɗu na yamma. Da yawa daga cikin gine-ginen tsofaffi ne, zafin da aka saya da tsada sai ya sulale ta taga da rufi.

Farashin gas ya fara hawa tun ƙarshen 2021. Da Rasha ta auka wa Yukren ranar 24 ga Fabrairu 2022, sai abin ya wuce misali, ya kuma ja farashin lantarki, domin kaso mai yawa na wutar Birtaniya da gas ake samar da shi. Gidajen jama'a suna da kariya, don hukumar Ofgem tana ƙayyade iyakar farashin da za a caje su. Makarantu ba sa cikin wannan inuwa. Kwantiragi suke ƙullawa da kamfanonin wuta kamar kowane ɗan kasuwa, na shekara ɗaya ko biyu ko uku. Wadda kwantiraginta ya ƙare a daidai wannan lokaci ta shiga uku: wasu sun ga kuɗin ya ninka biyu, wasu uku, wasu ma fiye. A watan Agusta har jaridu suka fara ruwaito cewa wasu makarantu na tunanin rage ranakun karatu a mako. Ga kuma ƙarin albashin malamai na kashi 5 cikin ɗari, wanda aka amince da shi ba tare da an ba makarantun sabon kuɗin biya ba.

Liz Truss ta zama firaminista ranar 6 ga Satumba 2022, bayan kwana biyu ta yi alkawarin agaji. Tsarin da aka fitar ya fara aiki daga 1 ga Oktoba 2022 zuwa 31 ga Maris 2023, ya kuma haɗa da 'yan kasuwa da asibitoci da ƙungiyoyin jinƙai. Gwamnati ta tsayar da farashin sari: fam 211 kan kowane yunit dubu na lantarki, fam 75 kan na gas, a lokacin da ake hasashen farashin kasuwa zai kai fam 600 da fam 180. Ita ke biyan kamfanin giɓin, kamfanin ya rage a takardar biya. Ba cike fom, ba bin layi, kuma a ganina nan ne tsarin ya fi burgewa, domin tallafin da sai an nema yakan tsallake wanda ya fi buƙata. Misalin da gwamnatin ta bayar shi ne makarantar da ke biyan fam 10,000 a wata za ta sami ragin kusan fam 4,000. Ragi ne mai kauri, amma fam 6,000 ɗin da ya saura ma ya ɗara abin da irin wannan makaranta ta saba biya.

Wata shida ba ya isar mai tsara kasafin shekara. Da wa'adin ya cika, ministan kuɗi Jeremy Hunt ya kawo wani tsarin na shekara guda, har zuwa Maris 2024, wanda rangwamensa bai kai fam 20 ba kan yunit dubu na lantarki, shi ma sai farashi ya haura fam 302. Tun a watan Nuwamba 2022 ya sanar da ƙarin fam biliyan 2.3 a kasafin makarantu na kowace shekara har shekara biyu, sai dai kuɗin ba na wuta kaɗai ba ne, albashi ma yana jiran su.

Akwai wani tallafin da bai yi amo sosai ba. A watan Disamba 2022 ma'aikatar ilimi ta ware fam miliyan 500 don rage shan wuta: toshe kafofin da zafi ke fita, sauya ƙwayayen fitila, gyara na'urorin ɗumama ɗaki. Makarantar firamare ta tashi da kimanin fam 16,000, ta sakandare kimanin fam 42,000. Kuɗin ba za su sake gini ba, amma yunit ɗin da aka daina sha an huta da biyansa har abada, rangwame kuwa ranar da aka janye shi ya tafi ke nan. Mai karatu a Kano ya san wannan lissafi, tunda tashar sola da aka buɗe a Jami'ar Bayero a 2019 don rage dogaro da janareta da dizal aka yi ta.

Ingila ma can ta dosa daga baya. A watan Maris 2025 gwamnatin Keir Starmer ta sanar cewa aikin farko na sabon kamfanin makamashi na gwamnati, Great British Energy, shi ne kafa farantan sola a rufin makarantu kusan 200. Sai dai makarantun gwamnati a Ingila sun haura 20,000.