Buɗe kwalin kafin ka ƙirga kuɗin jitar bes

(Kiɗan buɗewa: jitar bes ita kaɗai, a sassauta bayan daƙiƙa 10)

 Wannan amo mai kauri da kuka ji, wanda ƙirji ke riga kunne kama shi, na jitar bes ne, babbar yayar jita, mai tsirkiya huɗu. Ita ke riƙe gindin kiɗa a majami'un Jos da Kaduna da Sabon Garin Kano, ita ke ƙarƙashin jitocin Agadas da na Yamai idan irin su Tal National sun hau dandali, kuma dattawan da suka ga zamanin Bala Miller a Kaduna sun san daɗinta. Yau kasuwa za mu shiga da ita, mu tsaya inda mai saye ke tsayawa, kuɗi a aljihu, kwali a gabansa.

Ɗan ƙanwata ne ya sa na ɗauko wannan batu. Wata tara yaron nan ya yi yana ɗinki yana tari, a watan Agusta ya aika Legas aka sayo masa sabuwa fil, ja wur, sai walƙiya take. Hotonta kawai ya gani, da ɗan bidiyon da mai kanti ya turo masa a waya. Ranar da ta iso har gida ya kawo mini, bakinsa ya ƙi rufuwa, sai kawu ka gani, kawu ka ji. Kafin Disamba ta ƙare ya dawo da ita jiki a sanyaye. Gefen yatsansa ya tsage, tsirkiyoyi sun yi wa wuya nisa har danna su ya zama aikin ƙarfi, kuma da zarar an jona ta sai ƙugi kamar an saki zuma a ɗaki. Mai kanti ya ce kayan da aka fitar ba ya dawowa. Abin ya tsaya mini a rai, domin rabin waɗannan matsaloli da an gan su tun ranar farko, da an buɗe kwalin a gaban wanda ya san abin dubawa. Cinikin biri a sama aka yi, kuma bidiyo ba ya maganin haka: tsirkiya mafi kauri a bes girgiza kusan 41 take yi a daƙiƙa guda, sautin da 'yar sifikar waya ba ta iya fitarwa.

Mu ɗan koma baya, don asalin abin zai taimaka mana. A 1951 ne Leo Fender, wanda ya fara sana'a da gyaran rediyo a garin Fullerton na jihar Kalifoniya, ya fito da bes ɗin da ya kira Precision. Tunanin bakanike ya sa a cikinta. Wuya daban, jiki daban, kusoshi huɗu masu zare suka haɗa su, kuma kusan duk ƙarfen da ke jikinta ana kwance shi da sukundireba a sa wani. Tsawon tsirkiya inci 34, ma'aunin da yawancin masana'antu ke bi har gobe. A 1960 ya ƙaro Jazz Bass. To amma sunan da ke kan kai bai taɓa zama lamuni ba, ko a gidan da aka haifi abin. A 1965 kamfanin CBS ya sayi Fender a kan dala miliyan 13, kuma makaɗa sun daɗe suna ƙorafi kan kayan shekarun 1970: nauyi ya yi yawa, ramin da wuya ke zama ya yi sako-sako, an mayar da kusoshi huɗu zuwa uku a wasu samfura. Sai a 1985 ma'aikatan kamfanin da masu zuba jari suka saye shi daga hannun CBS. Yau mafi yawan bes ɗin da ke shigowa kasuwanninmu daga Sin da Indonesiya suke, kuma masana'anta guda, irin ta Cort a Indonesiya, takan ƙera wa sunaye daban-daban. Ga kuma jabu. A Nuwamban 2024 jami'an kwastan na Amurka sun nuna jitoci sama da 3,000 masu tambarin Gibson na ƙarya da suka kama a tashar jiragen ruwa ta Los Angeles. Idan sun kai can, kada mu ɗauka kwantenar da ke sauka Apapa ta fi ƙarfinsu.

Ga abin da nake so mai saye ya riƙe. A zamanin nan inji mai kwamfuta ne ke yanka katako, kuma yana yankawa daidai ko kayan na araha ne. Inda ake tsuke kuɗi shi ne lokacin da ake ba katako ya bushe, da ingancin ƙarfe, da awowin da hannun mutum zai yi yana gogewa da daidaitawa a ƙarshe. Saboda haka sabuwar bes a kwali sau da yawa aiki ne da ba a ƙarasa ba. Naka shi ne ka gane wace matsala ce alanki da sukundireba za su kashe, wace ce kuma ke cikin ƙashin katakon.

(Kiɗa: gajeren tsakure)

Wuya shi ne rai. Tsirkiyoyi huɗun nan suna jan sa da ƙarfin da ya kai kilo 70 zuwa 80, dare da rana, kamar a rataya masa buhun siminti ɗaya da rabi. Abin da ke hana shi sunkuyawa wani dogon ƙarfe ne da aka binne a cikinsa, mai noti a baki ɗaya, dabarar da Thaddeus McHugh na kamfanin Gibson ya samu rajistarta a 1923. Ka ɗaga jitar ka sa ido daga kai zuwa jiki, yadda kafinta ke leƙen katako. Idan wuyan ya ɗan lanƙwasa gaba, ba laifi, haka ake so. Ka danna tsirkiya mai kauri a na farko da na ƙarshe cikin ƙananan ƙarafan da aka jera a kan wuya, ka dubi tazarar da ta rage a wajen na bakwai ko na takwas: kusan kashi ɗaya cikin uku na milimita ya kamata ta zama, kaurin ɗan katin da ake buga suna da adireshi. Idan katin ATM ya wuce a sake, lanƙwasar ta yi yawa. Wannan ana gyara shi, muddin ƙarfen ciki yana aiki. Don haka ka roƙi mai kanti ya sa alanki ya juya notin kwata guda a gabanka, ya mayar. Idan ya ƙi motsi, ko yana juyawa ba ya kama komai, ko bakinsa ya riga ya cinye, ajiye ta. Haka idan gefe ɗaya na wuyan ya fi ɗaya tashi, wato ya murɗe. Murɗaɗɗen wuya ba noti da ke miƙar da shi, sai dai canji, kuma kuɗin sabon wuya kan kusa kuɗin jitar araha gaba ɗaya. A kan wannan ban yarda a yi ragi a karɓa ba, ko nawa aka rage.

Daga nan sai ƙananan ƙarafan da aka jera a kan wuya, waɗanda makaɗa ke ce wa firet. Ka bi kowace tsirkiya daga farko har ƙarshe, sauti ɗaya bayan ɗaya, a natse, ko da mai kanti ya fara ƙosawa. Idan zizar ƙarfe na fitowa ko'ina, daidaitawa ce ba a yi ba. Idan a wuri ɗaya tak take, to wani firet ya fi 'yan'uwansa tsayi ko bai zauna ba, aikin mai gyara ne da fayil. Akwai kuma sautin da ke mutuwa da wuri, yawanci a siririyar tsirkiya tsakanin firet na biyar da na bakwai. Wannan ɗabi'ar katakon ce, ana samun ta har a masu tsada, sai dai ka zaɓi wadda nata bai yi muni ba.

Yanzu ga inda ƙasarmu ta shigo cikin lissafi. Masu ƙera jita sukan ba da shawarar a ajiye ta inda laimar iska ke tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. Jitar da ke gabanka an haɗa ta a ƙasa mai laima, ta yi makonni a teku, ta kwana a ɗakin ajiya a kasuwar Alaba ta Legas, sannan ta hau mota ta iso Kano ko Zinder ko Maiduguri, inda a tsakiyar hunturu laima kan faɗi ƙasa da kashi 20. Katako yana shan laima yana amayarwa, ƙarfe ba ya yi. Iskar da ke tsaga mana leɓe da dunduniya ita ke tsuke allon wuyan, sai bakin kowane firet ya leƙo waje kamar haƙoran zarto. Abin da ya yanki ɗan ƙanwata ke nan. Duk mai gurmi ko garaya ya san yadda fata ke ɗamewa da hunturu ta saki da damina. Bes ma haka take numfashi, fenti ne kawai ke ɓoye ta. Shi ya sa wanda ya saya da damina bai gama sanin abin da ya saya ba sai Janairu ta wuce.

Sauran ƙarafan ba za su ci mana lokaci ba, domin duk ana kwance su. Kunnuwan da ake murɗa tsirkiya da su, ka juya kowanne: kada ya yi lako-lako kafin ya kama, kada kuma ya yi tauri. Ka rataya jitar a kafaɗa ka sake ta. Idan kai ya rinjayi jiki ya duƙa ƙasa, hannun hagunka zai kwana ɗaukar kaya a maimakon kiɗa. Jaki, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a kan jiki, ka duba ko ƙananan kusoshinsa na juyawa, ko tsatsa ta fara cin su tun a kwali, kuma ka tabbata tsirkiyoyin gefe biyu sun bar tazara iri ɗaya daga bakin wuya. Idan ɗaya na neman zamewa waje, ko jakin an kafa shi a karkace ko wuyan ya goce a raminsa. Ka kaɗa tsirkiya a sake, ka danna ta a firet na 12: sauti ɗaya ne ya kamata ka ji, ɗaya sama ɗaya ƙasa. In sun saɓa, jaki ake matsarwa, matuƙar kusar tana da sauran wurin tafiya.

(Sauti: ƙugin amfilifaya, sannan a yanke)

Wannan ƙugi da kuka ji, wutarmu ce mai juyi 50 a daƙiƙa take shiga maganaɗisun da ke ɗaukar sauti. Kada a biya kuɗi sai an jona jitar a amfilifaya. Ka saurari ƙugin, sannan ka ɗora hannu a kan tsirkiya. Idan ya ragu, wayar ƙasa da ke ƙarƙashin jaki tana aiki. Idan bai canza ba, wayar ta tsinke ko ba ta taɓa jakin ba. Samfurin Jazz yakan yi ɗan ƙugi idan an kunna maganaɗisu ɗaya kawai, halinsa ne. Na Precision kuwa tun 1957 aka raba nasa gida biyu don su kashe ƙugin juna, saboda haka in ya yi, akwai dalili. Ka murɗa maɓallan ƙara a hankali ka ji ko suna ƙaiƙayi, ka girgiza kan wayar amfilifaya a raminta. Wannan rami shi ya fi komai saurin lalacewa: notinsa ya saki, mai jita ya yi ta murɗawa daga waje, wayoyin ciki su tsinke daga dalma. Idan kuma mai batir ce, irin tsarin da bes samfurin StingRay ta yaɗa daga 1976, ka sani barin waya a jone yana shanye batirin mai bolt 9 ko ba a kaɗawa.

A nan sai na ɗan ɗaga murya, 'yan'uwa, domin maganar rai ce. Tsirkiyoyin nan a haɗe suke da jikin amfilifaya ta wayar ƙasa. Idan amfilifaya ta sami matsala, kuma an karya ƙafa ta uku a filogi ko an jona janareta ba wayar ƙasa, jikin makaɗi ne zai zama hanyar wuta. A 1972 makaɗin jita Leslie Harvey ya rasu a kan dandali a garin Swansea na Birtaniya, bayan ya taɓa makirufo da wuta ta hau. Duk wanda ya ji ɗan tsunkulin wuta a leɓe ko a yatsa, ya kashe kaya nan take ya nemo mai lantarki.

To, ciniki. Ka tafi da wanda ya iya kaɗawa, ko abokin hamayyarka ne a kiɗa. Ka ce a fito da guda biyu ko uku iri ɗaya, domin 'yan kwali ɗaya ma ba sa zama ɗaya. A rubuta lambar da ke jikin wuya ko bayan kai a kan rasit, a rubuta kwana nawa aka yarda a dawo da kaya, ba da fatar baki ba. Kuma kada ka zuba duk abin da ka tara. Ka rage na mai gyara da na sabbin tsirkiyoyi, don waɗanda ke zuwa da jitar araha sau da yawa sun riga sun dushe.

Ta ɗan ƙanwata kuwa, Allah ya taimake shi wuyan bai murɗe ba. Mun jira tsakiyar Janairu, lokacin da katakon ya gama tsukewa, muka kai wa wani dattijo mai gyaran kayan kiɗa. Ya goge bakin ƙarafan ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaure ƙarfen ciki kwata biyu a kwana biyu, ya ɗaga jaki ya tarar da wayar ƙasa ta nutse cikin fenti ba ta taɓa komai, ya kankare ya mayar. Ya ce wa yaron, ɗana, da hunturu ka riƙa rufe ta a jaka, ka sa ɗan soso mai danshi a robar sabulu mai huji a gefe, kuma kada ka bar ta a but ɗin mota da rana. Ita ce za ku ji yanzu, da hannun mai ita. 

(Kiɗan rufewa: jitar bes, har ƙarshe)