Idan Wani Naka Yana Fama da Dannau da Fitar Kurwa

Akwai mutanen da magariba na yi gabansu ke fara faɗuwa, domin sun san abin da ke jiransu a shimfiɗa. Barci ya fara ɗaukar mutum, ko asuba ta gabato, sai ya farka ya kasa motsa ko ɗan yatsa. Ya buɗe baki murya ta ƙi fita, ƙirji kamar an ɗora masa buhun gero, ga wata inuwa tsaye a bakin ƙofa. Wannan shi ne dannau. Na wani ya wuce nan: sai ya ji ƙugi a kunne, ya ji an fizge shi sama, har ya hango gangar jikinsa kwance a ƙasa. Da safe idan ya ba da labari a tsakar gida, kafin ya rufe baki an samu mai cewa "jifa ne", wata ta ce "an kama masa kurwa".

Abin ba baƙo ba ne a duniya. A 2011 Brian Sharpless da Jacques Barber sun tattara binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban, suka ga kusan mutum 8 cikin 100 sun taɓa fuskantar dannau, a cikin ɗalibai kuwa kusan 28 cikin 100. Dalilinsa sananne ne ga likitoci. A lokacin da muke mafarki, ƙwaƙwalwa takan ɗaure gaɓoɓi don kada mai mafarkin gudu ya tashi ya zura a guje. Wani lokaci hankali yakan riga jiki farkawa, sai mutum ya ga ɗakinsa sarai, amma ɗaurin bai saki ba, mafarkin ma bai gama wucewa ba. Numfashin wannan lokaci gajere ne, idan ka yi ƙoƙarin jan dogo ya ƙi, sai ka ji kamar an danne ka. Yawanci daƙiƙoƙi ne zuwa 'yan mintuna.

Fita daga jiki ma an gano inda take tasowa. A 2002, a birnin Jeniba na Suwizalan, Olaf Blanke da abokan aikinsa suna binciken wata mai farfaɗiya. Da suka taɓa wani gurbi a gefen dama na ƙwaƙwalwarta da ƙaramar wutar lantarki, sai ta ce tana ganin kanta daga sama, kwance a kan gado. Suna ɗauke wutar, abin ya ɗauke. Gurbin nan shi ke haɗa saƙon ido da na kunnen ciki da na gaɓoɓi, ya gaya maka inda kake. Idan saƙonnin suka saɓa, sai ka ji kana wani wuri, jikinka yana wani.

Ban kawo wannan don a je a ƙure marar lafiya da shi ba. Wanda ya ce wa ƙanwarsa "ke dai tsoro gare ki, babu komai" ya rufe ƙofar da za ta sake gaya masa. Abin da ta ji ta ji shi, ba ƙarya take yi ba, ba kuma hauka ba ne. A saurare ta har ta kai aya, sannan a ce, "Sannu, Allah ya sawwaƙe. Ba ke kaɗai ba ce, kuma wannan ba ya kisa." Kalmar ƙarshen nan tana da nauyi fiye da yadda ake zato. Baland Jalal da Devon Hinton sun kwatanta mutanen Masar, inda da yawa ke danganta abin da aljanu, da na Danmak, inda akasari ake ɗaukarsa tangarɗar barci. Misirawan sun fi yawan fama da shi, sun fi jin ya daɗe, sun fi tsoron zai kashe su. Tsoro yana hana barci, rashin barci kuma shi ne babban mai gayyato dannau, sai abin ya riƙa ciyar da kansa. Duk wanda ya zauna yana ƙara wa mutum labaran mayu da dare, ko da niyyarsa tausayi ce, ƙara masa ciwo yake yi.

Addu'a tana da gurbinta a nan, babu mai tankiya da ita. Alwala kafin kwanciya, Ayatul Kursiyyu, Falaƙi da Nasi, duk suna kwantar da zuciya. Kwanciya a ɓangaren dama da Sunna ta koyar ta dace da abin da aka lura, cewa dannau ya fi samun mai kwanciya rigingine. Idan abin ya zo, kada mutum ya yi kokawa da shi, domin fizge-fizge na ƙara nauyin ƙirji. Ya tuna wa kansa cewa zai wuce, ya saki jiki, ya riƙe zikiri a zuci. Wanda ke kwana kusa da shi, idan ya ji gurnani, ya taɓa shi ya kira sunansa. Sau da yawa hakan ya isa. Sauran kuwa gyaran barci ne: lokacin kwanciya ɗaya, a rage shayi mai kauri da goro da yamma, a ajiye waya.

Inda nake so a ja burki shi ne neman mai laifi. Da an ce maita, sai ido ya koma kan wata tsohuwa a unguwa, ko kishiya, ko surukar da dama ba a shiri da ita. An raba zumunci ta wannan hanya, an wulaƙanta bayin Allah da ba su ji ba ba su gani ba, marar lafiyar kuma bai samu sauƙi ba, don yanzu tsoronsa ya samu fuska da suna. Haka mai magani da zai ce sai an yi duka, ko ɗauri, ko turaren da ke shaƙe numfashi, ko kuɗin da sai an sayar da gona: a kama hannun mutum a fice.

Akwai alamun da ke cewa a tafi asibiti ba tare da jira ba. Idan fita daga jikin tana zuwa ido biyu da rana tsaka, ko tare da faɗuwa, cizon harshe ko ɗaukewar hankali, sai a duba farfaɗiya. Idan barci na kwashe mutum yana cikin magana ko aiki, wannan cuta ce daban mai magani. A tambaya cikin sirri ko yana shan wiwi, tiramol ko kodin. Wanda ya tsira daga harin 'yan bindiga ko wani mummunan hatsari yakan ji kamar yana kallon kansa daga nesa, shi ma taimakon ƙwararru yake buƙata. Mai jin muryoyi da rana, ko wanda ya daina cin abincin gida don zargin sammu, ko ya fara zancen gara ya mutu ya huta, kada a bar shi shi kaɗai ko na dare ɗaya. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware, da Maiduguri, ga na Dawanau a Kano. A raka shi, a tafi da 'yar takarda da aka rubuta lokutan da abin ke zuwa, da awa nawa ya yi barci kafin nan, da magungunan da yake sha.