Ko Kun Sani? Mutanen Dutse na Esie

Gidan tarihi na farko a Najeriya, wanda aka buɗe a 1945 a garin Esie na Jihar Kwara, an gina shi ne domin adana mutum-mutumin dutse kusan 800, maza da mata, yawancinsu zaune kan kujera, waɗanda mutanen garin ke cewa mutane ne da aka mayar duwatsu. An sassaƙa su da dutsen sabulu, wato dutse mai santsi da laushi har wuƙa na yankarsa, saboda ma'adinin da ake yin hoda da shi ya yi yawa a cikinsa. Da irin wannan dutse ne kuma Inuwit, mazauna ƙanƙarar arewacin Kanada, suke sassaƙa fitilun mai da siffofin dabbobin da suke farauta.