Ziyarar Duwatsun Ƙanƙara da Tabkunan Gabashin Afirka

Mutumin Kankiya ko Kusada bai san ƙanƙara ba sai wadda ke zubowa tare da hadarin damina, ta kakkarya ganyen dawa, ta narke kafin yara su gama tsinta. Saboda haka idan aka ce masa a cikin Afirka akwai ƙanƙarar da ta shekara dubbai a bisa dutse ba ta narke ba, sai ya ɗauka tatsuniya ce. Ba shi kaɗai ya taɓa yin wannan shakka ba. A 1848, da wani Bajamushe ɗan mishan, Johannes Rebmann, ya ba da labarin ya hango ƙanƙara a kan Kilimanjaro, wasu masana a Ingila ƙaryata shi suka yi.

Asirin abin kuwa tsawo ne. Duk hawan mita 1,000 zafi kan ragu da kimanin digiri 6. Ƙasar Katsina tana bisa teku da misalin mita 500, shi kuwa Kilimanjaro na Tanzaniya mita 5,895 gare shi. A can ƙololuwa dusar ƙanƙara kan sauka bisa ta bara, ta danne ta, har ta daskare ta zama kamar fā. Idan ta yi nauyi sai ta soma gangarowa a hankali, tafiyar da ido ba ya gani. Watau kogi ne daskararre.

Tsarin hawan ba baƙo ba ne ga wanda ya san labarin fatake. Yadda ayarin Gwanja ke da madugu da jagaba da zango, haka nan masu hawa ke tashi daga garin Moshi da ɗan jagora da 'yan dako da mai dafa abinci, suna yada zango kowane dare. Doka ma ta hana baƙo ya hau ba jagora. Tafiyar kan ci kwana 5 zuwa 9, kuma wanda ya yi gaggawa shi ke fara komowa, domin iska tana raguwa a sama, sai ciwon kai da amai su kama mutum komai ƙarfinsa. Littattafai sun adana sunayen Hans Meyer da Ludwig Purtscheller, waɗanda suka kai ƙoli a 1889, amma 'yan ƙasar da suka ɗauki kaya ba safai ake ambatarsu ba, alhali ba don su ba da tafiyar ba ta yiwu ba.

Mai son haɗa hawa da shiga jirgin ruwa sai ya nufi duwatsun Ruwenzori a iyakar Yuganda da Kongo, inda tsaunin Margherita ya kai mita 5,109. Nan Bakonzo ne 'yan jagora. Koramun da ke gangarowa daga dutsen, irin su Mubuku, suna malala cikin Tabkin George, shi kuma mashigin Kazinga ya haɗa shi da Tabkin Edward. A wannan mashigi ake zagayawa da baƙi cikin jirgi, su ga dorinai da kadoji da giwaye a bakin ruwa. Wanda iyakar ruwan da ya sani shi ne madatsar Zobe ta wajen Dutsin-Ma, wadda aka gama a 1983, zai yi mamakin jin cewa ruwan nan bai tsaya nan ba: yakan bi kogin Semliki ya faɗa Tabkin Albert, daga nan ya shiga Nilu har Masar.

Sai dai ƙanƙarar tana ƙarewa. Bincike ya nuna daga 1912 zuwa 2007 Kilimanjaro ya rasa kimanin kashi 85 cikin 100 na ƙanƙararsa, saboda ɗumamar yanayi da ƙarancin dusar da ke sabunta ta. A 2022 hukumar UNESCO ta ce mai yiwuwa ne ta Kilimanjaro da ta Dutsen Kenya su gushe kafin 2050. Manoman gindin dutsen sun fi dogara ga ruwan sama da na kurmi, don haka ba gonakinsu za su fara jin raɗaɗin ba. Waɗanda abin ya fi shafa su ne 'yan jagora da 'yan dakon Moshi, waɗanda farin rawanin dutsen nan yana cikin abin da ke jawo musu baƙi.