Cocin Biertan: Wurin Ibada Mai Ganuwa Uku

A tsakiyar yankin Turansilbaniya na ƙasar Romaniya akwai wani ƙauye, Biertan, wanda cocinsa ke bisa tudu, ganuwa uku sun zagaye shi. Me ya haɗa ɗakin ibada da ganuwa? Tsoro ne.

A ƙarni na 12 sarakunan Hangare suka gayyato manoma da masu sana'a masu jin Jamusanci su zauna a bakin iyaka. Su ake kira Sakson. Mongol suka yi musu ɓarna a 1241, daga baya kuma Turkawa suka riƙa kawo hari. Ƙaramin ƙauye ba shi da ƙarfin zagaye kansa da ganuwa, sai jama'a suka katange cocinsu. Da an hango ƙurar dawaki, kowa ya kwashi iyali da hatsi ya shige.

An gina cocin Biertan na yanzu tsakanin 1486 da 1524, kuma daga 1572 zuwa 1867 nan ne mazaunin bishop na 'yan Lutha na yankin. Ƙofar ɗakin da ake ajiye dukiyar cocin tana da makulli mai sakata 19. 'Yan injiniya, ku lura: aikin 1515 ne fa.

Amma abin da ya fi jan baƙi shi ne wani ɗan ɗaki a jikin ganuwa. An ce idan miji da mata suka nemi rabuwa, a nan ake kulle su har mako biyu, gado ɗaya, faranti ɗaya, cokali ɗaya. Masu zagayawa da baƙi kan ce a shekara 300 aure ɗaya kacal ya mutu. To, wannan dai zancen baka ne, sai dai yana sayar da tikiti.

A 1993 UNESCO ta sa Biertan cikin kayan tarihin duniya, a daidai lokacin da masu shi ke barinsa. Bayan faɗuwar mulkin kwaminis a 1989, yawancin 'yan Sakson sun koma Jamus. Masu ibada sun ragu matuƙa, rufi kuwa ba ya daina neman gyara. Cocin masu ganuwa kusan 150 ne suka rage a yankin. Irin su Biertan da Viscri, inda Sarki Charles na Ingila ya sayi gida, suna samun baƙi da kuɗin gyara. Waɗanda ke nesa da hanyar motocin 'yan yawon buɗe ido kuwa, da yawansu ruwan sama ne ke cinye su a hankali.