Yadda Masu Bibiyar Hadari A Amurka Ke Gano Guguwa Da Wayar Hannu

A ranar 10 ga Agustan 2020, wata iska mai ƙarfin gaske da ake kira "derecho" ta ratsa jihar Iowa ta Amurka. A birnin Cedar Rapids an ƙiyasta gudunta ya kai kilomita 225 a sa'a, kuma asarar da ta jawo ta kai kusan dala biliyan 11. Irin wannan hadari na lokacin zafi shi ne dubban masu sha'awar yanayi ke zuba wa ido, kuma wayar hannu ce babban kayan aikinsu.

Da safe, abin da suke fara buɗewa shi ne taswirar cibiyar hasashen guguwa da ke Norman a jihar Oklahoma, wadda ke raba haɗarin ranar zuwa mataki biyar. Daga nan sai su duba abu biyu: yawan zafi da danshin da ke kusa da ƙasa, domin su ne makamashin hadari, da kuma yadda iska ke sauya gudu da alƙibla yayin da ake hawa sama, domin shi ke sa hadari ya daɗe har ya fara juyawa. A ma'aunin Amurka, hadari ya zama mai tsanani idan iskarsa ta kai kilomita 93 a sa'a, ko ya zubo ƙanƙara mai faɗin santimita 2.5, ko ya haifar da guguwa mai juyawa.

Da zarar hadari ya haɗu, sai aiki ya koma kan na'urar rada. Amurka na da irin waɗannan na'urori kusan 160, kuma manhajar RadarScope na kawo bayanansu kai tsaye cikin waya. Na'urar ba ƙarfin ruwa kaɗai take aunawa ba, har da inda ɗigon ruwan ya nufa. Kore na nuna iskar da ke tunkarar na'urar, ja kuma wadda ke nesanta da ita. Idan launukan biyu suka manne wuri guda, alama ce hadarin na juyawa.

Sai dai rada na da iyaka. Saboda lanƙwasar doron ƙasa, idan hadari ya yi nisa, samansa kawai take gani. A nan ne ake buƙatar idon mutum. Shirin SKYWARN na hukumar yanayin Amurka na da 'yan sa-kai da aka horar fiye da 350,000, masu kai rahoton abin da suka gani a ƙasa. Manhajar mPING, wadda ta fito a 2012, ta ba kowa damar aika rahoton ruwa ko ƙanƙara daga inda yake tsaye. A Jamus kuwa aka faro Blitzortung, inda 'yan sa-kai ke girka na'urorin gano walƙiya a gidajensu, ana ganin sakamakon a taswira nan take.

Harkar ba wasa ba ce. A ranar 31 ga Mayun 2013, guguwar El Reno mai faɗin kilomita 4.2 ta hallaka ƙwararren mai bincike Tim Samaras da ɗansa Paul da abokin aikinsu Carl Young. Hoton rada kan makara da wasu mintoci, kuma guguwa na iya sauya hanya cikin wannan tazara.

To, me mai waya a Kano ko Maraɗi zai ɗauka? Na'urorin rada ba su da yawa a Afirka ta Yamma, don haka hoton tauraron ɗan Adam ya fi amfani. Buɗe manhajar Windy, ka zaɓi hoton tauraron, ka duba gabas da garinku, domin manyan hadurran damina daga gabas suke tasowa su nufi yamma. Ka haɗa da sanarwar hukumar NiMet idan a Najeriya kake.

Akwai kuma lissafin da ba ya cin data. Idan ka ga walƙiya, ƙirga daƙiƙoƙi har ka ji tsawa: kowane daƙiƙa 3 kusan kilomita 1 ne. Muddin kana jin tsawa, aradu na iya kai maka. Shiga cikin gini ko mota, ka guji gindin bishiya da filin ƙwallo, ka cire waya daga caji, kuma kada ka fito sai bayan minti 30 da jin tsawar ƙarshe.