Tiyatar Leza: Yadda Take Raba Mutum Da Tabarau, Da Abin Dubawa Kafin A Yi Ta

Akwai matashin da ke karanta saƙon WhatsApp tsaf, amma allon aji ko lambar mota daga nesa sai ya ga dishi-dishi. Wani kuma fitilun titi ne ke zame masa jirwaye da daddare. Na farko matsalar hangen nesa ke damun sa, na biyu kuma abin da likitoci ke kira astigmatizim.

Ido kamar kyamarar waya yake. Tantanin nan garai-garai da ke gaban baƙin ido yana tattara haske ya kai shi bayan ido, inda hoto ke sauka. Idan ƙwayar ido ta yi tsawo, hoton kan haɗu tun kafin ya isa can. Idan kuma tantanin ya yi siffar ƙwai maimakon ƙwallo, hasken sai ya watse.

Tiyatar LASIK siffar wannan tantani take gyarawa. Ana ɗiga maganin kashe zafi, a ɗaga wani siririn marfi a samansa, leza ta kankare na ƙasa, sannan a mayar da marfin. Kowane bugun haske na cire kusan rubu'in maikiron, alhali kaurin silin gashi ya kai maikiron 70. Wata kyamara na bin motsin idon, idan ya kauce da yawa na'urar ta tsaya.

Asalin fasahar daga duniyar kwamfuta ne. A 1981, Rangaswamy Srinivasan na kamfanin IBM ya gwada lezar a kan ragowar naman talotalo, ya ga tana yanka ba tare da ƙona gefe ba. A 1999 hukumar FDA ta Amurka ta amince da LASIK.

Sai dai abin da leza ta kankare ba ya dawowa. Shi ya sa ake son mutum ya kai shekara 18, kuma lambar tabaraunsa ta yi aƙalla shekara guda ba ta canza ba. Mai siririn tantani da mai juna biyu ba a yi musu.

Bayan aikin, bushewar ido kan ɗauki watanni, kuma ƙura wa waya ido na ƙara ta, domin ƙiftawa na raguwa. Wasu kan ga kewayen haske a jikin fitilu da daddare. Haka nan tiyatar ba ta hana buƙatar tabarau na karatu bayan shekara 40.

Don haka tambayar farko ga likitan ido ita ce kaurin tantanin da taswirarsa. Maganar farashi ta biyo baya.